Tsufa a Ɗakin Kai: Tarihin Kula da Tsofaffi a Ƙasar Hausa

Hausawa kan ce tsohon doki sai mai shi. Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda al'umma ta riƙa ɗaukar nauyin tsoho har ya ƙare rayuwarsa a cikin ɗakinsa, da kuma abin da ya sami wannan tsari daga zamanin mulkin Turawa zuwa yau.

Ginshiƙi na farko shi ne gandu. A cikinsa 'ya'ya maza, har da masu aure, suna noma gonar uba tun da safe har zuwa azahar, sa'an nan su wuce gayaunarsu. Shi kuma uba shi ne mai ciyarwa, mai biyan haraji, mai yi musu auren fari. Idan ƙarfinsa ya ƙare, rumbu na nan a hannunsa, girmansa bai ragu ba. To, amma gandu bai game kowa ba. Binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina, wanda aka buga a 1972, ya nuna cewa gandu ya fi ɗorewa a gidan mai wadata. Talaka wanda gonarsa ba ta isa ba, shi ne 'ya'yansa kan watse su bar shi. Watau wanda ya fi bukatar gandu shi ne ya fi saurin rasa shi.

Saboda haka al'ada ta tanadi wasu hanyoyi. Akwai riƙo, inda ake ba tsohuwa jika ko ɗan ɗan'uwa ya zauna da ita, ya ɗebo ruwa, ya kai talla, ya ɗebe mata kewa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan wasu ta rene su. Akwai kuma gayya, wadda samari kan yi wa gajiyayye noma ko yaɓen ɗaki kafin damina. Har wa yau akwai kwanon tuwo da maƙwabta kan aiko da shi kowane dare, ba tare da an roƙa ba. Addini ya ƙarfafa wannan duka: manomi kan fitar da dami ɗaya cikin goma na zakka, ga kuma zakkar fid da kai a ƙarshen azumi.

Ya kamata a lura cewa tsoho ba mai karɓa kaɗai ba ne. Tsohuwa, da yake kulle bai hau kanta ba, ita ce ungozoma, ita ce mai kaɗi, mai daddawa, mai kai saƙo tsakanin gidaje. Tsoho kuwa yana tufka igiya, yana sasanta rigima a zaure. Taimakon da ake yi musu ya yi kama da biyan bashi, shi ya sa ba ya zubar da mutunci.

Abubuwa da dama sun girgiza wannan tsari. Harajin kuɗi na zamanin Turawa ya ƙara tura samari cin rani. Yadin kanti, da masaƙu irin wadda aka buɗe a Kaduna a 1957, sun rage darajar zaren da tsohuwa ke kaɗawa. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya ƙarar da rumbuna, kuɗin man fetur kuma ya ja matasa zuwa birane. Shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976, duk da alherinsa, ya ɗauke jika daga ɗakin kaka da safe. Kuɗin da ɗa ke aikowa daga birni yana sayen hatsi, amma ba ya ɗebo ruwa, ba ya jinya.

Hukuma ta makara wajen shiga wannan fage. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. A 2018 aka sa hannu a kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, a 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa game da tsufa.

Darasin da tarihi ya bayar a fili yake. Abin da ya riƙe tsoho a ɗakinsa shi ne mutanen da ke kusa da ƙofarsa, waɗanda za su lura idan gari ya waye bai fito ba. Duk taimakon da hukuma za ta bayar, in ya bi ta hannun mai unguwa da liman da ƙungiyoyin mata na unguwa, ya fi kusa da isa ga wanda ba shi da gandu, ba shi da ɗa. Zumunta dai a ƙafa take.