Kafa ce matsalar ko ƙofa? Tarihin tiyatar tumbin da ke haurawa ƙirji

Tsakanin ƙirji da ciki akwai wani faffaɗan tantani na tsoka da muke jan numfashi da shi. A jikinsa akwai 'yar kafa wadda bututun abinci ke bi ya gangara zuwa tumbi. Idan kafar ta yi faɗi, saman tumbi kan zame ya haura cikin ƙirji. Likitoci na kiran wannan hayatal haniya. Dangin gwaiwa ce, sai dai ita tana can ciki, ido bai ganinta, hannu bai taɓa ta. Shi ya sa aka daɗe ba a gane ta sai a jikin gawa. A 1853 wani likita a birnin Boston na Amurka, Henry Bowditch, ya tattara rahotanni 88 na mutanen da kayan cikinsu suka ratsa wannan tantani, kuma 'yan kaɗan ne kawai daga ciki suka bi ta kafar bututun abinci.

Hoton eksire da Wilhelm Röntgen ya gano a 1895 shi ya sauya lamarin, amma tumbi ba ƙashi ba ne, ba ya fita a hoto. Walter Cannon, yana ɗalibi a Harvard, ya riƙa cakuɗa sinadarin bismot a abincin dabbobi don ya ga tafiyar loma. Daga baya aka koma bai wa marasa lafiya ruwan bariyom su sha. Da wannan dabara Åke Åkerlund na ƙasar Suwidin ya raɗa wa cutar suna a 1926, ya kasa ta gida uku.

To, tunda an ga kafa, sai likitocin fiɗa suka ce magani shi ne a jawo tumbi ƙasa a ɗinke kafar, kamar dai sauran gwaiwa. Haka Angelo Soresi ya bayyana a 1919, haka kuma Stuart Harrington ya yi ta yi a asibitin Mayo. Amma mai ciwo ba kafa ke kawo shi asibiti ba. Ƙwannafi ne ke kawo shi, da ruwa mai tsami da ke tasowa wuya da dare. A 1935 Asher Winkelstein a New York ya nuna cewa asid ɗin tumbi na ƙona bututun abinci, sannan a 1951 Philip Allison na Leeds a Ingila ya ɗaure wannan ƙuna da zamewar tumbi. Tiyatar Allison ta yi tashe. Shi da kansa ya bi marasa lafiyarsa tsawon shekaru, a 1973 ya bayyana cewa kashi 49 cikin 100 tumbin nasu ya sake haurawa. Wato ɗinki kaɗai bai riƙe ba.

Mafita ta zo ta wata hanya daban. Rudolph Nissen Bajamushe ne mai tsatson Yahudawa, wanda ya bar Berlin a 1933 lokacin da 'yan Nazi suka hau mulki, ya koma koyarwa a Istanbul. A 1936 ya yi wa wani saurayi tiyata, ya yanke gyambo a ƙasan bututun abincinsa, ya haɗa bututun da tumbi. Don kada mahaɗar ta yi yoyo, sai ya naɗe ta da bangon tumbin. Bayan shekara 16 ya sake duba mutumin, bai ga alamar ƙunar asid ba, abin da ba a saba gani ba bayan irin wannan yanka. Nissen ya gane cewa naɗin nan ya zama ƙofa. A 1955, yana Basel ta Suwizalan, ya yi naɗin da gangan ga wata mata mai fama da tasowar asid, ya wallafa sakamakon a 1956. Abin da ake yi shi ne a naɗa saman tumbi a ƙasan bututun abinci kamar rawani a wuya. Tumbi na cika, naɗin sai ya matse bututun, asid ya rasa hanyar komawa sama.

A shekarar ta 1956 ne Charles Code da abokan aikinsa a Mayo suka auna matsi a cikin bututun, suka tabbatar akwai zoben tsoka a ƙarshensa mai aiki kamar mazagin wando. Kun ga ke nan an gano ainihin abin da ke sakwarkwacewa. Sai dai naɗin Nissen ma da nasa: idan ya matse da yawa, haɗiya kan yi wuya, gyatsa ta gagara, ciki ya kumbura. Shi ya sa André Toupet na Faransa ya kawo naɗin da bai zagaye duka ba a 1963.

Kayan bincike su ma suka ci gaba. A 1957 Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu, ya haɗiyi bututun leƙa ciki mai lanƙwasuwa da suka ƙera a Michigan kafin ya gwada a jikin kowa. A 1974 Johnson da DeMeester suka kawo awon asid na sa'a 24. Magungunan rage asid suka biyo baya: Cimetidine a 1976, Omeprazole a 1988, abin da ya raba mutane da yawa da wuƙar likita. A 1991 Bernard Dallemagne a Beljiyam ya yi naɗin Nissen ta ƙananan huje-huje da kyamara, ba tare da tsaga ciki ba.

Yau tiyatar ta haɗa darussan biyu: a tsuke kafa, a kuma gina ƙofa. Kuma ba kowa ake yi wa ba. Da yawa masu ƙaramar zamewa ba sa jin komai, ba sa buƙatar komai. Ana yi ne ga wanda magani ya kasa, ko wanda babban ɓangaren tumbinsa ya shige ƙirji har ana tsoron ya murɗe ko ya yi ta zubar da jini.

A wurinmu, kusan duk zafin ƙirji ko na saman ciki olsa ake kiransa, a wuce kemis a sayi magani. Amma idan ƙwannafi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko loma ta fara tsayawa, ko ana rama, ko aman jini, ko baƙin bayan gida, to lokacin leƙa ciki ya yi. A je asibiti.