Tarihin Haɗuwar Fosfet da Asid: Daga Takin Supa Zuwa Lissafin Zafi

Idan aka zuba asid mai ƙarfi a kan gishirin fosfet, asid ɗin yakan miƙa wa fosfet haidirojin ɗinsa, a samu sabon gishiri da ya fi na farko saurin narkewa a ruwa. A kan wannan musaya aka kafa sana'ar takin supa. Littattafan noma kan ba da tarihinta ta wajen wanda ya fara haɗawa, littattafan kimiyya kuma ta wajen wanda ya fara auna zafin da ke fita, kuma ba safai ake jera labaran biyu wuri guda ba.

Hennig Brand ya fitar da sinadarin fosfaras daga fitsari a Hamburg a 1669. Bayan kimanin shekara 100, Gahn da Scheele na ƙasar Swidin suka nuna cewa ƙashi cike yake da fosfet na kalsiyam, Scheele kuma ya narka tokar ƙashi da asid. A 1833 Thomas Graham ya gano cewa asid ɗin fosfaras yana da gurabe uku da alkali ke iya shiga ɗaya bayan ɗaya. Duk lissafin da ya biyo baya a kan waɗannan gurabe uku ya tsaya.

Wa ya fara?

Galibin littattafai suna ba Justus von Liebig na Jamus wannan lada, saboda a littafinsa na 1840 ya ba da shawarar a jiƙa garin ƙashi da asid ɗin salfa, irin wanda ake tsarmawa a yi ruwan batir, kafin a kai shi gona. Shawarar ta yaɗu domin sunan Liebig ya kai ko'ina, amma wasu sun riga shi. James Murray, likita ɗan Ailan, ya yi shekaru yana gwada wannan haɗi, kuma John Bennet Lawes ya fara nasa gwaji a gonar gidansu ta Rothamsted a Ingila gab da fitar littafin. A watan Mayu na 1842 Lawes da Murray kowa ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙira. Lawes ya buɗe masana'anta a Deptford, gefen Landan, a 1843, ya sayi haƙƙin Murray a 1846, daga baya kuma ya janye iƙirarinsa a kan ƙashi, ya tsaya a kan fosfet na dutse. Shekarar da ta fi cancanta a riƙe ita ce 1843, domin a lokacin ne haɗin ya zama kayan kasuwa da manomi zai saya.

Abin da ke faruwa a tukunyar masana'anta shi ne Ca₃(PO₄)₂ + 2H₂SO₄ → Ca(H₂PO₄)₂ + 2CaSO₄. Kwaɓin yakan ɗau zafi har ya kai na tafasasshen ruwa ko ya wuce, tururi ya tashi, ya daskare, sannan a jibge shi makonni kafin ya nuna. Ma'aikatan Lawes sun san wannan zafi da jikinsu.

Masu auna zafi

A 1840 ɗin dai, a San Fitasbag ta Rasha, Germain Hess ya bayyana dokarsa: jimillar zafin da haɗuwar sinadarai ke fitarwa ɗaya ce, ko an yi ta a taki ɗaya ko an bi ta matakai. Dokar ta dace da fosfet ƙwarai, tunda shi da matakai uku yake tafiya.

Wanda ya zauna ya auna matakan shi ne Julius Thomsen na Kofanhegan, wanda ya yi awo kusan 3,500 a rayuwarsa, ya tattara su a mujalladai huɗu tsakanin 1882 da 1886. Ya riƙa ƙara wa asid ɗin fosfaras ruwan kostik soda kashi-kashi. Kashin farko ya ba da kilokalori 14.8 a kan kowane mol, na biyu kusan 12.3, na uku bai kai 7 ba. Asid mai ƙarfi na yau da kullum yakan ba da 13.7. Marcellin Berthelot ya samu alƙaluma makusanta a Faris. Awon nasu ya jure zamani, kuma ya kamata a jinjina musu a kansa, musamman da yake da tukunyar ruwa da ma'aunin zafi na gilashi suka yi shi.

Fassarar da suka yi wa awon ce ta ci tura. Thomsen tun 1854, Berthelot kuma daga baya, sun ɗauka cewa yawan zafin da ya fita shi ne ma'aunin son da sinadarai ke yi wa juna, don haka kowace haɗuwa za ta karkata ga inda zafi ya fi fita. Sun ma daɗe suna jayayya a kan wanda ya fara faɗin haka. Alhali a cikin alƙaluman Thomsen kansu akwai abin da ya rushe ra'ayin. Tunda kashin farko ya ɗara 13.7, to idan aka juya al'amarin, aka zuba asid mai ƙarfi a kan gishirin da ke da haidirojin biyu, zuƙe zafi haɗin zai yi. Kuma yana zuƙewa ɗin, yana tafiya da kansa ba tare da an hura masa wuta ba.

Warwarar ta zo daga Josiah Willard Gibbs na Amurka tsakanin 1875 da 1878, da Helmholtz a 1882, da van 't Hoff a 1884. Sun nuna cewa abin da ke yanke alkiblar haɗuwa kuzari ne mai ɓangare biyu, wanda ake kira kuzarin Gibbs: zafin da ya fita, da kuma entirofi, wato yawan hanyoyin da ƙwayoyin abu ke samu na watsuwa. Alƙaluman da ake aiki da su a yau, a digiri 25, sun fito da wannan fili. Lambobin pKa, wato ma'aunin ƙarfin asid, na matakan uku su ne 2.15 da 7.20 da 12.35. Idan HPO₄²⁻ ya karɓi haidirojin, zafin da ke fita bai kai kilojul 4 a kan mol ba, amma kuzarin Gibbs yana sauka da kusan kilojul 41. Ke nan kusan kashi 9 cikin 10 na abin da ke tura haɗin daga entirofi yake. Dalili kuwa, ayon mai caji biyu yakan tsare ƙwayoyin ruwa a kewayensa kamar kaza da 'ya'yanta, da zarar cajin ya ragu sai ruwan ya saku. A mataki na gaba, inda H₂PO₄⁻ ke komawa cikakken asid, ana zuƙe kilojul 8 na zafi, duk da haka kuzarin Gibbs na sauka da kusan 12.

Ƙarancin zafin mataki na tsakiya ya yi rana. Shi ya sa sauyin yanayi ba ya jirkita lambar 7.20 sosai, kuma shi ya sa gishirin fosfet ya zama abin dogaro wajen daidaita tsamin ruwa. Søren Sørensen ya yi aiki da irin wannan haɗi a ɗakin binciken Carlsberg lokacin da ya fito da ma'aunin pH a 1909, har yau kuma ana saita na'urorin auna pH da ruwan fosfet.

Ƙarni na 20 ya fi karkata ga tace alƙaluma da faɗaɗa masana'anta. An koma narka dutsen fosfet da asid ɗin fosfaras kansa, aka samu supa mai ƙarfi da ya ninka na Lawes fiye da sau biyu. A arewacin Najeriya supa ya samu shiga ta hanyar noman gyaɗa, kuma masana'antar takin supa ta gwamnatin tarayya a Kaduna ta fara aiki a 1976.