Tsakar fako

Tsakar fako ƙaramar tsaka ce ta Sahara da bakinta, wadda masana ke kira Tropiocolotes tripolitanus. Tsawonta, har da wutsiya, bai cika wuce santimita 8 ba. Ana samunta daga Masar da Libiya zuwa Mauritaniya, Mali da Nijar. Mazaunin da take so shi ne fako mai tsakuwa da warwatsattsun duwatsu, irin wanda ya shimfiɗu a tudun Adar, tsakanin Keita, Buza da Madawa.

Sunanta ya shiga littafi a 1880, lokacin da Wilhelm Peters, masanin dabbobi a Berlin, ya yi bayaninta daga abubuwan da ayarin Gerhard Rohlfs ya kwaso a tafiyarsa ta Kufra. Wannan Rohlfs ɗin ne ya sauka a Kukawa ta Barno a 1866. Kalmar tripolitanus kuwa ƙasar Tarabulus take nufi. 

Bahaushe ya san tsakar ɗaki, mai bin bango da rufi. Ta fako ba ta da wannan baiwa: yatsunta sirara ne, babu faifan mannewa, don haka a ƙasa take rayuwarta. Da rana tana ƙarƙashin dutse, inda zafi bai kai na sarari ba. Sai duhu ya yi take fitowa farautar gara da ƙananan ƙwari. Idonta ba ya ƙiftawa, da harshe take share shi. In maciji ko tsuntsu ya cafke ta, sai ta yar da wutsiya ta tsere, wata ta tsiro daga baya. Ƙwai ɗaya tak take sakawa a lokaci guda.

Mugun sunan da tsaka ta yi a gidajenmu, cewa tana da dafi, ya shafe ta ita ma, alhali ba ta da dafi ko kaɗan.

Duwatsun Adar kansu sun motsa a zamaninmu. Bayan farin 1984, shirin Projet Keita, da tallafin Italiya da hukumar FAO, ya tara dubban mutane, galibinsu mata, suna tsintar duwatsu a fako suna jera su don tare ruwa da raya ƙasa. Dutsen da aka ɗaga daga fako inuwar wata halitta ce aka ɗauke, amma jerin da aka yi da shi yana riƙe laima da ganyen da iska ta kwaso, kuma inda waɗannan suka taru, can gara take zuwa.