Wasiƙun Yendi da Aka Tsinta a Adakar Bawku

 Da yawa kun aiko saƙo kuna neman a buga muku shirinmu na tarihi na wancan mako, don ranar ta faɗo ranar kasuwa. To ga shi a taƙaice.

Bayan rasuwar gwaggon babana a zangon Bawku, aka buɗe adakarta don rabon kaya. A ƙasan zannuwa aka tarar da wata tsohuwar gafaka, fatarta duk ta tsattsage. Mata suka ce layu ne, a mayar a rufe. Ni kuwa da karambanin ɗan jarida na buɗe. Takardu ne goma sha ɗaya, an rubuta su da tawadar gida da alƙalamin kara, wasu da Larabci, wasu da Hausar ajami. Karatun bokona bai tsinana min komai ba a nan. Sai na kai wa wani dattijon malami a unguwa, ya sa tabarau, ya yi shiru, sannan ya ce: "Yaro, wannan ba laya ba ce, zumunci ne."

Wasiƙu ne daga wa zuwa ƙane. Wan yana Yendi, ƙanen yana Bawku, kuma ƙanen nan shi ne kakan babana. Gefe ɗaya kawai muke da shi, domin amsoshin da aka mayar Yendi ba su zo hannunmu ba. Kamar mutum ne yana jin ɗan'uwansa na waya a ɗaki, muryar wancan ɓangaren sai dai ya ƙiyasta.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne, kusan kowace wasiƙa sai ta ambaci Salaga, alhali babu ɗayansu da ke zaune a can. A gidanmu kuwa abin da ake faɗa mana tun muna yara shi ne, mu Kanawa ne, fatauci ya kawo mu, shi ke nan. Ashe tsakanin Kano da Bawku akwai wani gari da aka tsallake a labarin.

Matasa da ke wucewa Salaga yau a mota ba lallai su san matsayinta na da ba. Ita ce babbar kasuwar ƙasar Gwanja, inda goron dajin Asante yake haɗuwa da ayarin Hausa. Fatake kan taso daga Kano ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa, riguna da fatu, su ƙetare Kwara, su biyo ta Sansanne Mango da Yendi, su sauka Salaga bayan tafiyar watanni. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi suna a wannan hanya. Mosawa kuma su gangaro daga arewa da shanu da tumaki. Rijiyoyin da aka haƙa don shayar da wannan taro har yanzu ana ganin wasunsu a garin.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ƙarfin Asante a kan Gwanja ya karye, hanyar goro ta fara karkata zuwa Kintampo da Atebubu. Sai kuma a 1892 rikicin sarauta ya ɓarke tsakanin 'ya'yan sarautar Kpembe, garin sarakunan da ke gefen Salaga. Aka yi yaƙi, kasuwa ta watse, baƙi suka tarwatse, wasu Kete Krachi, wasu Yeji, wasu arewa. A cikin wannan gudu ne 'yan'uwan nan biyu suka rabu. Wasiƙa ta farko a jerinmu tana tuna wa ƙanen gidan ubansu da suka bari da rijiyarsa, da bashin goro da ba a taɓa karɓa ba.

Malamin da ya karanta min ya lura da yadda ake buɗe wasiƙun: bisimilla, salati, doguwar gaisuwa, sannan "bayan haka". Ya ce wannan tsari ne da ake koya, ba kowa ke yin yadda ya ga dama ba. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna Salaga, ya ƙare rayuwarsa yana limamin Kete Krachi a 1934, ya rubuta littafi sukutum kan yadda ake rubuta wasiƙa tun 1877, sunansa Sarhatul Wariƙa. Kun ga ke nan, kafin a gina gidan waya a arewacin ƙasar nan, kakanninmu suna da nasu. Madugu shi ne ɗan aike, gafaka ita ce jakar wasiƙa.

Babu wasiƙa ko ɗaya da ke ɗauke da shekara. Sai dai ranar mako, wani lokaci da wata. To ta yaya za a san wace ta riga wace? Ga dabarar da muka bi, kuma za ta yi wa kowa amfani.

Na farko, kuɗi. Wasiƙun da ke lissafi da wuri, zambar kaza, sun girmi waɗanda ke maganar sule da fam. Wadda ta ce sidi kuwa ba za ta wuce 1965 a tsufa ba, don a shekarar sidi ya fito. A namu babu sidi ko ɗaya.

Na biyu, annoba. Akwai wasiƙar ta'aziyya da ta lissafa mutum huɗu da suka rasu a gida ɗaya cikin mako guda, da zazzaɓi da tari. Malam ya ce marisuwa ce, murar nan da ta game duniya a 1918.

Na uku, masu mulki. A nan ne labarin ya shafe ku kai tsaye, 'yan kan iyaka. Wasiƙu huɗu suna ƙorafin Jamus: kuɗin da ake karɓa a hannun ayari, da tilasta wa fatake bin hanyar da Bature ya zaɓa. Me ya kawo Jamus Yendi? A watan Disamba na 1896 sojojinsu suka gwabza da mayaƙan Dagwamba a Adibo, kusa da Yendi, suka shiga garin. A 1899 Ingila da Jamus suka zauna a Turai suka raba yankin: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa cikin Togo ta Jamus. Bawku tana ɓangaren Ingila. Wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, suka wayi gari a ƙasashe biyu ba tare da ɗayansu ya ɗaga ƙafa ba. Da yaƙin 1914 ya zo, Ingila ta karɓe Yendi, kuma bayan ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1956 yankin ya shiga Ghana a 1957. Iyaka ta zo ta tarar da su, ta kuma tashi ta bar su.

Abin da ya burge ni, ko a lokacin da layin yake tsakaninsu, hulɗarsu ba ta tsaya ba. Wan yana aiko da goro ƙwarya-ƙwarya, ƙanen yana tura shanun da ya saya hannun Mosawa. A wata wasiƙa wan yana jan kunnensa kada ya ba da kiwo sai ga Bafillacen nan da suka sani tun Salaga, domin amana ba a sayenta a kasuwa. Ku makiyaya kun san wannan magana, har gobe haka take.

Sai wasiƙa ta bakwai. Da malam ya kai tsakiyarta ya tsaya, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce: "Ɗana, in ci gaba?" Na ce, "Allah ya gafarta malam, ai don shi na zo."

Wan yana tuna wa ƙanen rabon gadon ubansu: jakuna kaza, riguna kaza, da wata yarinya 'yar Gurunsi da ta faɗo a kasonsa. Yana ba shi shawara, tunda ya ce zai aure ta, to ya fara 'yanta ta a gaban shaidu. Yarinyar nan ita ce kakar babana, wadda aka ce mana Bakanuwa ce.

Jama'a, Salaga ba goro kaɗai ta sayar ba. Ta sayar da mutane. A shekarun 1880 mahayan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu sun yi ta kai hari ƙasar Gurunsi, da yawa daga waɗanda aka kama a kasuwar Salaga suka ƙare. Kabarin Babatu yana Yendi har yau. Na taɓa zuwa wurin da rakoda don aikin gidan rediyo, ban san tarihin jinina nake ɗauka ba. Wasiƙar ba ta faɗi sunanta na yanka ba, ba ta faɗi ƙauyensu ba. An lissafa ta tsakanin jaki da riga.

Da na kai wa babana labari, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Kai, abin da manya suka rufe, yaro ba ya tonawa." Kwana uku bai yi min magana ba. A na huɗu ya kira ni bayan sallar asuba ya ce in sake faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce dama yana mamakin tsagar da ake cewa tana fuskarta, da wata waƙa da gwaggo ke cewa tana yi in tana daka, wadda babu mai jin yarenta. A ranar ya sa aka yi mata sadaka da addu'a. Da izininsa nake ba ku wannan labari.

Ku da ake tarewa a shinge ana tambayarku daga ina kuke, wani lokaci har a ce muku baƙi, takarda irin wannan tana nuna tun yaushe gidanku yake wannan ƙasa. Amma in za ka buɗe ta, ka shirya jin abin da ba ka nema ba. Gidanmu ya shiga neman Kano, ya fito da dangi a Gurunsi.

In kuna da irin waɗannan takardu, kada ku naɗe su a leda, gumi na lalata su. Kada a manna musu salatif. A sa su cikin farar takarda, a ajiye nesa da gara da ɗigon ruwa. Ku ɗauki hotonsu da waya, gaba da baya. Ku nemi dattijon da ya iya ajami tun yana raye, ku naɗi muryarsa yana karantawa. Cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar Legon ta tara rubuce-rubucen Larabci da ajami masu yawa daga garuruwan nan tun shekarun 1960, amma na cikin adakar gidanku ku kaɗai za ku iya cetonsu.

Roƙona ga mutanen zangon Yendi: in akwai gidan da ke da wasiƙu daga wani ƙane mai fataucin shanu a Bawku, masu ambaton gida da rijiya a Salaga, don Allah a aiko mana saƙo gidan rediyo. Zumunta a ƙafa take, zan zo da kaina. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya tsare hanya, ya kiyaye dukiya.