Tarihin Ciwon Gaut da Sinadarin Yurik

Gaut wani nau'i ne na amosanin gaɓɓai da ke tasowa idan sinadarin yurik ya yi yawa a jini har ya daskare cikin gaɓa. Ya fi kama gindin babban yatsan ƙafa, sau da yawa cikin dare, wurin ya kumbura ya yi zafin da ko mayafi mai ciwon ba ya so ya taɓa shi. Yurik shi ne abin da ke saura bayan jiki ya rushe sinadaran furin, wato adenin da guwanin, waɗanda suke cikin tubalan ginin DNA.

Tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, likitan Girka Hippocrates ya lura cewa ciwon ba ya kama dandaƙaƙƙun maza, kuma ba kasafai yake kama mace ba sai al'adarta ta ɗauke. Daga baya Turawa suka laƙaba masa sunan ciwon sarakuna, ganin yadda yake addabar masu cin nama da shan giya. Wannan suna ya daɗe yana cutar da marasa lafiya, domin ya sa ana ɗora musu laifin haɗama a maimakon a nemi sanadin.

A 1679 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya duba farin abin da ke taruwa a gaɓar mai ciwon da madubinsa na ƙara girma, ya ga ƙananan duwatsu masu tsini kamar allura, bai kuwa san ko mene ne ba. Carl Wilhelm Scheele na Suwidin ya ware yurik daga tsakuwar mafitsara a 1776, sannan a 1797 William Hyde Wollaston ya nuna cewa shi ne ke cikin wancan farin abin da ke taruwa a gaɓa.

Wanda ya haɗa zancen wuri guda shi ne likitan Landan Alfred Baring Garrod. A 1848 ya tabbatar cewa yurik ya fi yawa a jinin masu gaut. Dabarar da ya fito da ita daga baya abin yabo ce saboda sauƙinta: sai ya zuba ruwan jinin a ɗan faranti, ya ƙara masa tsami, ya jiƙa zare a ciki, bayan kwana ɗaya ko biyu duwatsun su manne wa zaren. Emil Fischer na Jamus kuma ya warware tsarin dangin furin, ya sami kyautar Nobel a 1902.

A ƙarni na 20 ne aka fahimci yadda lamarin yake a cikin jiki. Yawancin furin jiki ne da kansa yake haɗawa, abinci ƙari ne kawai. Inzayim mai suna zantin oksides ne ke mayar da ragowarsa yurik. Galibin dabbobi masu shayarwa suna da wani inzayim, yurikes, da ke ƙara narkar da shi, amma ɗan Adam ba shi da shi. Ƙoda ce ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku, kuma a wurin mafi yawan masu gaut gazawarta wajen fitarwar ce tushen ciwon.

A 1964 Michael Lesch da William Nyhan na asibitin Johns Hopkins suka bayyana wata cutar gado da ke kama yara maza, mai haɗa yawan yurik da taɓuwar ƙwaƙwalwa da cizon leɓe da yatsu. A 1967 Jarvis Seegmiller da abokan aikinsa suka gano cewa yaran ba su da inzayim HGPRT, wanda ke sake amfani da tsohon furin.

Magani ya zo ta hanyar binciken sankarar jini. Gertrude Elion da George Hitchings a Amurka sun gwada allopurinol don ya hana jiki saurin lalata maganin sankara, sai aka ga yana toshe zantin oksides, yurik ya ragu. An amince da shi a Amurka a 1966, su biyun suka raba kyautar Nobel ta 1988 da James Black. Har yau shi ne maganin da likitoci suka fi farawa da shi wajen rage yurik a jini.