Tsofaffin Masallatan Birnin Sakkwato

Masallatai biyu ne suka fi shahara a tarihin birnin Sakkwato, wato Masallacin Shehu da Masallacin Bello, kuma asalinsu yana haɗe da asalin birnin kansa. A shekara ta 1809 ne Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya kafa Sakkwato a kan tudu, kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, ya kewaye ta da ganuwa. Da Shehu Mujaddadi ya taso daga Sifawa a 1815, sai aka faɗaɗa birnin ta yamma domin shi da jama'arsa, aka kira wurin Sabon Birni, a nan masallacinsa ya tsaya, a nan kuma Allah Ya karɓi ransa a 1817, daidai da shekara ta 1232 bayan Hijira, aka yi masa makwanci a Hubbare. Shi kuwa Masallacin Bello yana daura da fadar Sarkin Musulmi, bisa tsarin biranen ƙasar Hausa inda masallacin Juma'a da gidan sarauta suke maƙwabtaka.

Da ƙasa aka gina masallatan nan tun farko, kamar yadda aka gina gidajen talakawan da ke salla a cikinsu. Magina sukan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, su mulmula tubali su shanya a rana, sa'an nan su jera shi cikin laka, gindin bango da kauri ƙwarai, yana sirancewa yayin da yake hawa sama. Rufi kuwa da azara ake yin sa, wato icen giginya da aka tsaga, domin gara ba ta cin sa da sauƙi. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu, kuma wannan iyaka ita ce ta tilasta wa magina yawaita ginshiƙai, har ta kai su ga hikimar bakan gizo, inda ake ɗaura azara bisa azara, kowace tana ɗan zarce 'yar'uwarta, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Bayan an gama, a shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa, a dalaye rufi da laso, a kafa indararo domin ruwan damina ya zuba nesa da gindin gini.

Mafi cikar bayanin da ya iso gare mu game da sifar masallacin Sakkwato na wancan zamani ya fito ne daga Hugh Clapperton, Baturen Scotland da ya sauka wurin Sarkin Musulmi Bello a 1824, ya tarar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima yana gina masallaci da dukiyarsa. Ya ba da labarin gini mai kusurwa huɗu, da shimfiɗaɗɗen rufi, da ginshiƙai layi bakwai, kowane layi da ginshiƙi bakwai, na ice da aka yaɓe da ƙasa aka yi musu zane, ga wurin alwala a bakin ƙofar yamma, ga kuma wani ɗan keɓaɓɓen wuri na Sarkin Musulmi. Babban maginin, in ji shi, Bazazzagi ne wanda mahaifinsa ya taɓa zama a Masar, ya bar masa takardun ilmin gini. Wasu masana suna ganin wannan mutum shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830.

Lalle sauƙin waɗannan gine-gine ya dace da karantarwar malaman jihadi, domin a mazhabar Imamu Malik makaruhi ne a ƙawata alƙibla da abin da zai shagaltar da mai salla, kuma Shehu ya tsaya tsayin daka a kan raya sunna da kashe bidi'a. Masallaci a wurinsu mazaunin ibada ne da karatu, inda ake jin tafsiri da hadisi da sanarwar al'amuran jama'a. Har ila yau ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da hidima, gama kowace shekara kafin saukar ruwa dole ne a fito a yi yaɓe, a toshe tsaga, a sauya azarar da ta gaji, ta haka kowane ƙarni na mutanen gari yake sa hannunsa a jikin masallacin kakanninsa.

Bayan zuwan Turawa a 1903 al'amarin gini ya soma sauyawa. Kano ta sami sabon masallacin Juma'a na siminti a 1951, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A Sakkwato kuwa an sake gina masallatan Shehu da Bello da siminti, da hasumiyoyi da ƙubba, a shekarun 1960, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da Sardauna Ahmadu Bello. Jama'a ta yawaita, unguwanni irin su Tudun Wada suka bunƙasa a bayan tsohon birni, masallatan Juma'a suka ƙaru, aka sami yalwa da ƙarko, amma aikin maginan farko ya shuɗe. Masallacin Zariya, wanda aka lulluɓe tsohon gininsa da sabo a shekarun 1970, shi ne babban shaidar da ta rage ta wannan fasaha, shi ma wani sashensa ya rufta a watan Agusta na 2023 ana cikin sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. Wajibi ne ga sarakuna da malaman jami'a su rubuta ilmin da ya rage a hannun tsofaffin magina, su auna gine-ginen ƙasa da ke tsaye, su kuma ɗauki nauyin gyaransu a kan kari.