Ƙere-ƙeren Ƙananan Yara a Lokacin Bazara: Waiwaye a kan Fagge da Sabon Garin Kano

1.0 Gabatarwa

Manazarta al'adun Hausawa sun fi mayar da hankali ga wasannin yara masu tafiya da waƙa, irin su gaɗa da tashe, amma ba su cika waiwayar abin da yaro kan ƙera da hannunsa ba. Wannan maƙala za ta dubi tarihin ƙere-ƙeren yara 'yan shekara uku zuwa shida, musamman a lokacin bazara, a unguwanni biyu masu maƙwabtaka a wajen ganuwar Kano, wato Fagge da Sabon Gari. Abin da ake son nunawa shi ne, a da yanayin shekara da sana'ar unguwa su ne ke tsara wa yaro abin da zai ƙera, kuma makarantun reno sun yanke wannan dangantaka ba tare da sun maye gurbinta da abin da ya fi ta ba.

2.0 Bazara da Kayan Aikinta

Bahaushe ya kasa shekara zuwa damina da kaka da rani da bazara. Bazara takan kama daga wajen watan Maris zuwa faɗuwar ruwan shuka, lokacin tsananin zafi da ƙarancin ruwa. A wannan lokaci karan dawa da aka tara tun kaka ya gama bushewa, rimi yana fasa audugarsa, mangwaro ya nuna, ƙwallonsa ya cika bola.

Kara shi ne uban kayan aiki. Yaro kan ɓare ɓawonsa ya tsaga siri-siri, ya yayyanka totuwar da ke ciki, sa'an nan ya riƙa soka ɓawon cikin totuwa har siffa ta fito: gado ko keji ko tabarau. Ba a bukatar ƙusa ko zare. Akwai kuma matakai na koyo. Ɗan shekara uku dokin kara yake hawa, abin da bai wuce a lanƙwasa kan karan a ɗaura masa tsumma a matsayin linzami ba. Ɗan shekara biyar shi ne ɗan aike, mai yanka totuwa da miƙa wa yayyensa, da haka har hannunsa ya faɗa. 'Yan mata kuwa sukan yi 'yar tsana, su yi mata kitso da zare, su goya ta, su dafa mata tuwon ƙasa. Da zarar ruwan farko ya sauka, sai a ajiye kara a koma laka, a gina shanu da raƙuma da 'yan tukwane.

3.0 Fagge: Daga Zango zuwa Kanti

Ana danganta kafuwar Fagge da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499), a matsayin masaukin Buzaye da sauran fatake masu ƙetaro hamada. Yaron da ya tashi a irin wannan zango, abin da ido ya saba gani shi hannu ke kwaikwaya, wato raƙumi da jaki da mangala.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, abubuwa biyu sun sauya abin da yaro ke gani. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, jiragen sama kuma suka fara sauka a 1925. Daga nan kara bai canja ba, amma siffofi sun canja: aka sami motar kara da jirgin kara. Haka kuma Kwarori suka kafa kantunan yadi a Fagge ta Kudu, inda Kantin Kwari ya samo sunansa, unguwar kuma ta cika da teloli. Ƙyallen da ya faɗo daga almakashin tela ya zama zanen 'yar tsana, kwarkwaron zare da ya ƙare ya zama ƙafar mota. Sai dai yayin da gine-gine suka cinye gonakin da ke kewaye, kara da kansa ya zama abin saye, domin masu dafa abinci da masu danga sun fi yaro bukatarsa.

4.0 Sabon Gari: Gwangwani da Takarda

An kafa Sabon Gari a wajen 1913 domin baƙin da suka biyo jirgi, akasarinsu ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Unguwa ce da aka yanka fuloti-fuloti, ba a gina ta a kan noma ba, don haka kayan ƙirar yaranta daga kasuwa suke fitowa: gwangwanin madara da na kifi, da marfin kwalba, da kwalin ashana, da waya. Daga baya tsohon silifa ya shigo, ana yanka tayoyi da shi. Tun da hanya ce kawai ta raba unguwannin biyu, kasuwa kuma ta haɗa su, ba a daɗe ba motar gwangwani ta zama ta kowa.

Wani abu na biyu da Sabon Gari ya kawo shi ne makarantar mishan. Da yake Turawan mulki sun hana 'yan mishan aiki a cikin birni, sai majami'u da makarantunsu suka taru a nan. Ta ajin ƙananan yara na waɗannan makarantu ne aikin hannu na takarda da almakashi da alli mai launi ya shigo. Asalin wannan tsari daga Jamus yake, inda Friedrich Froebel ya raɗa wa makarantarsa suna "lambun yara" a 1840. Abin lura a nan shi ne, cikin ayyukan da ya tsara har da ginin laka da kuma soka tsinkaye cikin jiƙaƙƙen wake don fitar da siffofi, wanda dabara ɗaya ce da ta totuwa da ɓawon kara. Ita kuwa makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa a 1909, ko da yake tana da sashen sana'o'in hannu, don manyan yara aka yi ta.

5.0 Makarantun Reno da Matsalar Fassara

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ce ta fara amincewa da ilimin share fagen firamare a hukumance. Ta nemi a koyar da yara ta hanyar wasa da binciken muhallinsu, cikin harshen uwa ko harshen al'ummar da suke ciki, amma ta bar kafa makarantun a hannun masu zaman kansu. Sai a dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 aka shigar da renon ƙananan yara cikin tsarin gwamnati.

A wannan tsakani makarantun kuɗi, waɗanda ake kira nazare, suka yawaita, da yawansu kuma suka dogara ga littattafan ƙasashen waje. A can, watannin Maris zuwa Mayu lokaci ne na narkewar ƙanƙara da tohon furanni. Da yake watannin sun zo ɗaya da namu, sai masu fassara suka kira lokacin "bazara". Sakamakon haka shi ne a zaunar da yaron Fagge yana manna furen takarda da bakan gizo a watan Afrilu, alhali a waje ƙasa ta ƙone, kaji na haki a inuwa. Tohon da littafin ke nufi, a ƙasar Hausa sai damina ake ganinsa. Yaro ya tashi da kalma a baki wadda ma'anarta ta saɓa da abin da idonsa ke gani, ya kuma ɗauka cewa aikin hannu sai da kayan kanti.

6.0 Kammalawa

An ga yadda ƙere-ƙeren yara suka bi tarihin unguwannin nan biyu, daga kara da laka zuwa ƙyalle da gwangwani, sa'an nan takarda. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kamata malaman reno su tsara aikin hannu bisa kalandar ƙasarsu: kara da audugar rimi da ƙwallon mangwaro da maficin kwali a bazara, laka da shukar wake a gwangwani idan ruwa ya sauka, tare da barin yanka da wuƙa a hannun malami. Haka kuma akwai aiki a gaban ɗalibanmu masu neman babban digiri, na tattara sunayen waɗannan ƙere-ƙere da kalmomin aikinsu daga bakin dattawan Fagge da Sabon Gari tun suna raye.